Kowane itace da ƙasarsa: abin dubawa kafin kuɗin asusu su shiga dashe

Bana maganar dashen itatuwa ta shigo ƙungiyoyinmu da ƙarfi, daga Takeita har ƙauyukan Garagumsa na nesa da kwalta. Wasu na son a ciri wani abu daga asusu a sayo ƴan itatuwa, wasu na son ƙungiya ta buɗe wurin reno ta riƙa sayarwa. Shawara ce mai kyau, muna bayanta. Sai dai kuɗin asusu guminmu ne, dala ashirin ashirin muka tara su, kuma duk mun san wuraren da aka yi dashe da kiɗa da guɗa, watan Maris na zuwa babu abin da ya saura sai busassun tsinke da leda tana yawo a iska. Shi ya sa muka ga ya dace mu tattara abin da muka sani, da abin da muka ji daga tsofaffi da ma'aikatan gandun daji, mu ajiye a gabanku tun kafin a buɗe akwati.

Akwai wani itace a ƙasar Kanada da arewacin Amurka, Turawa na ce masa jak fayin. Yana fitowa a rairayi da tsakuwa, wurin da sauran itatuwa ba sa so, kuma yana jure sanyin da ke daskarar da ruwa wata da watanni. Ƴaƴansa a liƙe suke da ƙaro, suna iya shekaru a bisa reshe ba su buɗe ba, sai gobarar daji ta zo, zafi ya kai kamar digiri 50, ƙaron ya narke, iri ya zube a toka ya tsira. Itace ne mai taurin rai ƙwarai. Amma a kawo shi Garagumsa a dasa a jigawarmu, ko da ana ba shi ruwa safe da yamma, bazara ɗaya ta ishe shi. Taurin ransa na ƙasarsa ne. Mun kawo labarinsa ne don abin da ke faruwa da shi a can shi ke faruwa da mangwaron da aka dasa a kan fako a nan: ƙasa ɗaya, gari ɗaya, amma wuri ba nasa ba.

Ruwan da muke samu a shekara bai cika wuce milimita 400 zuwa 500 ba, kuma kusan dukansa cikin wata uku yake sauka. Sauran wata tara itace zai rayu ne da abin da saiwarsa ta iske a ƙasa, ko abin da muka ɗauko masa a ka. Duk lissafin daga nan yake farawa.

Mu san ƙasar tukuna

Jigawa mai zurfin rairayi ita ce gidan gawo. Saiwarsa miƙewa take ƙasa tana neman laima, shi ya sa ƙaramin gawo yakan yi shekara biyu ko uku kamar ba ya girma, alhali aikin a ƙarƙashi yake. In saiwar ta ci karo da dutse ko marmara kusa, sai ya tsaya cak, ya zama kututture mai ƙaya har abada. Aduwa da magarya su ma suna yi a jigawa, kuma sun fi shi haƙuri da ƙasa mai tauri.

A geza da fako, inda ruwa ke gudu ba ya shiga, rami kaɗai ba ya isa. Sai an yi rabin wata ko tassa don a tare ruwan, sa'an nan a sa irin itatuwan da suka saba da wahala, kamar dakwara mai ba da ƙaro. Bagaruwa tana son bakin tabki da ƙasa mai laka, ba ta damu ba ko ruwa ya kwanta mata na ɗan lokaci. Zogale kuwa akasin haka: kwana kaɗan cikin ruwa kwance, saiwarsa ta ruɓe. Mangwaro da gwaba da lemo sai fadama ko garka mai rijiya kusa. Duk wadda ta ce za ta raya mangwaro a gonar tudu da ruwan jarka, to ta shirya zama baiwarsa shekara uku, kuma ba lalle ya biya ta ba.

Bedi kowa ya san shi, baƙo ne daga Indiya amma ya zama ɗan gari. Shi aka jera a kwarin Majiya, wajen Buza, tun daga 1975 don tare iska, kuma ya yi aiki. A ƙofar gida, a kasuwa, a filin makaranta, babu kamarsa wajen inuwa. A tsakiyar gonar hatsi kam ba mu ba da shawara ba, domin inuwarsa ba ta ɗagawa da damana. Turare kuma, mai dogon jiki, mashayin ruwa ne. Kada a kai shi kusa da rijiyar garka.

Hanya mafi sauƙi ta gane abin da wuri zai karɓa ita ce a tsaya a duba abin da ya riga ya fito da kansa a kewaye, kuma a tambayi tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a garin: da can wane itace ne a nan? In ta ce da nan duk kanya ce da tsamiya, to alama ce ruwan ƙasa ya taɓa zama kusa, sai a bincika ko har yanzu haka ne.

Itacen da ba a saya ba

Kafin mu yi maganar leda da iri, bari mu daɗe kaɗan a kan wannan, don a ganinmu nan ribar take, kuma ba ta cin ko dala.

Gonakinmu cike suke da kututtura masu rai: sabara, kalgo, geza, magarya, taramniya, gawo. Kowace shekara suna tofowa, kowace shekara a sassabe su a ƙone. Saiwarsu ta riga ta yi shekaru a ƙasa, ta san inda ruwa yake. Abin da ɗan itacen leda zai yi shekara uku yana nema, su suna da shi a hannu.

A jihar Maradi, wani ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya yi ta fama da dashe a farkon shekarun 1980, mafi yawan abin da aka dasa na mutuwa. A 1983 ya lura cewa ƴan tsirran da ake ɗauka ciyayi ne a gonaki, itatuwa ne da aka sare suke neman dawowa. Da yunwar 1984 ta zo, wadda iyayenmu ke kira El Buhari, aka haɗa rabon abinci da barin tofo a gona, daga nan abin ya bazu. A wajenmu na Damagaram kuwa, musamman Magarya da Matamaye da Miriya, manoma da kansu suka riƙa barin ƴan gawo suna tashi a gonaki. Masu bincike da suka gwada hotunan sama na da da na yanzu sun ƙiyasta cewa a kudancin Nijar an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 ta wannan hanya, itatuwa kamar miliyan 200. Duk wadda ta bi hanyar Takeita zuwa Matamaye da rani ta ga gawo kore shar a gonaki busassu, ta ga abin da idonta.

Kuma ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Tsofaffi na ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya kafa doka mai tsanani a kan gawo, har ana cewa wanda ya sare shi a bakin ransa. Sarki bai yi haka don ado ba. Gawo yana zubar da ganye da damana, lokacin da hatsi ke son rana, ganyen ya zama taki. Da rani ya yi ganye, dabbobi su kwanta a inuwarsa su bar kashi, ƴaƴansa kuma abinci ne na awaki da tumaki har a kasuwa ake sayar da su. Ku dubi zangarniyar da ta fito ƙarƙashin gawo ku gwada da ta fili, ba sai an yi muku bayani ba.

Yadda ake yi ba wuya. Lokacin sassabe, a zaɓi kututturen da ake so. Cikin rassan da suka tofo, a bar biyu zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, a cire sauran. A yi aski da wuƙa ko lauje mai kaifi, ana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya salube. A rage ƙananan rassan gefe har zuwa rabin tsawon sandar, kada a aske ta tas ta zama kamar bulala, iska za ta karya ta. A ɗaura ɗan tsumma mai launi don mai huɗa da yara masu kiwo su san an yi niyyar barin ta. Bayan ƴan watanni a koma a sake gyarawa. Abin da aka aske kuma makamashi ne, mu da muke tafiyar safiya guda neman icen girki mun san darajarsa. Shekara ta biyu ko ta uku ana iya sare sanda ɗaya a bar sauran.

Wasu mazan har yanzu suna tsoron barin itace a gona, wai in ya girma ya zama na gandun daji. Tsoron yana da asali, don a da haka abin yake. Amma doka ta sauya: akwai dokar daji ta 2004, kuma a ranar 30 ga Yuli 2020 gwamnati ta fitar da ƙuduri na musamman da ya amince cewa itacen da manomi ya raya a gonarsa yana da haƙƙi a kansa. Wannan bai ce a sare gawo yadda aka ga dama ba, har yanzu itace ne mai kariya, sai an nemi izini. Ƙungiya za ta iya gayyatar ma'aikacin gandun daji na Takeita ranar zubi, ya yi bayani a gaban mazajenmu, kowa ya ji da kunnensa.

In ƙungiya ta ce sai reno

Akwai itatuwan da ba za mu samu a kututture ba, dole a shuka: kuka, zogale, magaryar aure mai manyan ƴaƴa, ko gawo a gonar da aka tumɓuke komai. A nan ne reno ke da amfani.

Iri daga uwa mai lafiya ake ɗiba, wadda muka san ganyenta ko ƴaƴanta. Duk mai miya ta san ba kowace kuka ce ke da daɗin ganye ba, wata ɗaci gare ta. To a ɗebo daga mai daɗin. Irin gawo da na kuka da na bagaruwa ɓawonsu tauri gare shi, kamar yadda na jak fayin ke jiran wuta, su ma suna jiran abin da zai buɗe su. A daji cikin akuya ne ke wannan aiki, shi ya sa ake ganin ƴan gawo suna tsira a inda aka zuba takin awaki. A gida sai a tafasa ruwa, a sauke daga wuta, a zuba irin a ciki ya kwana. Wanda ya kumbura a shuka, wanda bai kumbura ba a ɗan kankare gefensa a dutse a sake jiƙawa. Zogale ba ya buƙatar wannan duka, cikin mako ɗaya zuwa biyu ya fito, kuma ya fi son a shuka shi kai tsaye inda zai zauna.

Ƙasar leda: kwano biyu na rairayi, kwano ɗaya na taki wanda ya ruɓe sarai. Ɗanyen taki yana ƙone saiwa kuma yana kiran gara. A huda ledar a ƙasa. A shuka a watan Maris ko Afrilu don ɗan itacen ya samu wata uku zuwa huɗu kafin dashe. Duk bayan mako biyu a ɗaga ledojin a sauya musu wuri, in ba haka ba saiwa ta huda ta kama ƙasa, ranar ɗauka a tsinke ta. Gawo musamman ba ya son daɗewa a leda. Saiwarsa takan naɗe kamar gammo, kuma itacen da ya fara rayuwa da naɗaɗɗiyar saiwa ba ya zuwa ko'ina. Saura mako biyu a dasa, a rage ruwa a janye inuwa, ya saba da abin da zai tarar.

Ga wata magana da za ta iya ɓata wa wasu rai. Ranar 3 ga Agusta ranar bikin dashen itatuwa ce a ƙasarmu tun 1975, zamanin Seyni Kunce, kuma muna girmama ta. Amma a wajenmu ruwa yakan ɗauke cikin Satumba. Itacen da aka dasa 3 ga Agusta bai fi mako shida na ruwa a gabansa ba, wanda aka jinkirta har ƙarshen wata don jiran baƙi daga birni kuwa, an dasa shi ne don hoto. Mu dai shawararmu, da zarar damana ta zauna cikin Yuli, ƙasa ta jiƙu har zurfin kamu, a dasa. Ranar biki a je a yi biki, a dasa na makaranta da na fada.

Ramin a haƙa shi tun kafin ruwa, kamu ɗaya faɗi, kamu ɗaya zurfi. Ƙasar sama a gefe ɗaya, ta ƙasa a gefe ɗaya. Wajen mayarwa ta saman ce ke fara shiga, gauraye da ruɓaɓɓen taki da ɗan toka saboda gara. A yanke gindin ledar da reza, a tsaga gefe, a cire ta gaba ɗaya ba tare da an fasa dunƙulen ƙasar ba. Mun sha ganin an binne itace da ledarsa, wannan kabari aka yi masa. A danna ƙasa da ƙafa, a bar ɗan kwari kewaye don ruwa ya tsaya. Da yamma ake dashe, ko ranar da hadari ya rufe.

Akuya, ruwa, da mai gona

Abin da ke kashe itatuwanmu bai cika zama rashin iya dashe ba. Bayan an kwashe amfanin gona an saki dabbobi, duk wani kore da ya saura a fili nasu ne. Kuma mu faɗi gaskiya, awakin nan yawancinsu namu ne, da bashin asusu muka saye su. Don haka kariya tana cikin kuɗin itace tun farko: ƙayar magarya a kewaye, ko tubali a jera da ƴan tagogi, ko kwandon kara mai tsawo da aka kafe da turaku. Wadda ba ta da halin kare itace goma, ta dasa uku.

Ruwa ma a yi masa lissafi da alƙalami kamar yadda muke wa bashi. A ce ƙungiya ta dasa itace 50, kowane yana son lita 5 sau biyu a mako cikin rani na farko. Lita 500 ke nan a mako, jarka 20 ta lita 25. Wa zai ɗauko? Daga wace rijiya? In famfo ne, nawa ake sayar da jarka, kuma wata nawa za a yi ana saye? In an raba wa mata 25, kowace itace biyu a kusa da gidanta, da ruwan wanke hatsi da na alwala ma za su rayu. In an tara su a fili guda nesa da gari, kowa zai zata wata ce za ta je. Tsohon tulu mai ɗan tsagu da aka binne kusa da gindi aka rufe bakinsa yana rage wahala sosai, haka ma shimfiɗa buntu ko karmami a gindin, amma kada ya taɓa jikin itacen saboda gara. Ƙaramar kuka tana zubar da ganye da rani ta zama kamar sanda. Ba ta mutu ba, kada a tumɓuke.

Sai babbar magana, wadda ta fi shafarmu mu mata. A al'adarmu dasa itace kamar kafa shaida ce cewa wuri naka ne. Shi ya sa mai gona zai ba ki aron fili ki shuka gyaɗa ko kuɓewa da farin ciki, amma ki ce za ki dasa kuka, fuska ta sauya. Gamanar da miji ya ba mace ma, in aure ya mutu ko ya rasu aka zo rabon gado, itacen da ta yi shekara biyar tana shayarwa yana iya zama na wani. Ba wai mace ba ta mallakar itace ba ne. A yankin Miriya akwai mata masu kukoki nasu na kansu, sun gada ko sun saya, suna sayar da ganye buhu buhu. Abin da ake buƙata shi ne a yi magana a fili tun kafin a haƙa rami. In filin ƙungiya ne, a je gaban mai gari da shaidu, a nemi takarda daga kwamitin kula da filaye, wanda ake kira Kofo, a rubuta ko kyauta ce, ko saye, ko aro na shekara nawa, kuma a ambaci itatuwan da sunansu: na wa ne, wa zai ci amfaninsu in an karɓe filin. Mu da muka yi karatun yaƙi da jahilci, nan ne ranarsa. A karanta takardar da ƙarfi a gaban kowa kafin a dangwala hannu. In a gamana ce, a zauna da maigida, in da hali a gaban wani babba na gidan.

Game da kuɗin kansu, ra'ayinmu shi ne kada a ɗauki bashin asusu mai ruwa a zuba a gawo ko kuka. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a Maradi a 1991, bashinmu na gajeren lokaci ne, na sana'ar da ke juyawa cikin makonni. Gawo yana iya kai shekara bakwai zuwa goma kafin ya ba da ƴaƴan kirki. Wanda ke iya biyan bashi cikin shekararsa shi ne zogale, in akwai ruwa: wata biyu zuwa uku an fara tsinka, a riƙa datse kansa in ya kai ƙugu don ya yi rassa, kuma matan Jiratawa a Maradi sun nuna cewa kasuwarsa ba ta mutuwa. Sauran itatuwan a yi musu ɗan zubi na daban, ko a cire musu wani abu ranar rabon riba, kuɗin da babu mai jiran su dawo gobe.

Masu tunanin reno don sayarwa kuma, ku fara neman mai saye kafin ku cika leda. Ku tambayi magajin gari da makarantu da masu garka abin da za su buƙata da yawansa. Ɗan itacen da bai samu mai saye ba zuwa tsakiyar Agusta ya zama nauyi, ga shayarwa ga naɗewar saiwa. A birnin Zinder akwai Sahara Sahel Foods da ke sayen ƴaƴan itatuwan daji irin su anza da aduwa da magarya tana sarrafawa, wannan ma ƙofa ce ga ƙungiyar da ta raya irin waɗannan a gonaki. Dajin Takeita kuma, da ƙungiyar Ku Tayani ke kula da shi, yana kusa da mu. Masu aikin nan sun daɗe da sanin abin da ke kamawa a ƙasarmu mai tauri, a je a tambaye su, kuma a nemi izini kafin a ɗebi iri a ciki.

Ƴaƴan gawo suna nuna ne cikin rani, kuma awaki ba sa jiran kowa. Ƙungiyar da ke son reno bana ta sa mata biyu ko uku su tara irin tun yanzu, a shanya a inuwa, a zuba a kwalba da ɗan toka a rufe. Maganar takardar fili kuma a kai ta gaban mai gari kafin watan Maris, don in ta ja lokaci kada ta ci lokacin shuka.